Kafin A Saka Ƙwai A Aji, A Fara Sanin Inda 'Yan Tsakin Za Su Kwana

  

Makon jiya wata Hajiya mai makarantar kuɗi ta kira ni. Ƙawar yayata ce, a wajenta ta karɓi lambata. Muna gama gaisawa ta ce, "Ƙanina, duba WhatsApp ɗinka, na turo maka wani bidiyo. Irinsa nake so ka yi min a makaranta kafin bikin yaye ɗalibai." Na buɗe. Yara ne 'yan firamare a wata makaranta a Amurka sun yi wa ɗan ƙaramin injin ƙyanƙyasa zobe, ɗan tsako yana ta fama da ɓawon ƙwai, da ya fito suka ɗauki ihu da tafi. Gaskiya abin ya ƙayatar, ni kaina sai da na maimaita kallo.

Na ce, "Hajiya, saura kwana nawa bikin?" Ta ce kwana 25. Na ce, "To ƙwan kaza kwana 21 yake yi. Kenan ranar biki 'yan tsakin suna da kwana huɗu a duniya, washegari kuma an tafi dogon hutu. Wa zai riƙe su?" Ta ɗan yi shiru, sai ta yi dariya ta ce, "Ai sai a raba wa yara, kowa ya tafi gida da nasa, ka ga ya zama kyauta."

Nan na ba ta haƙuri, na ce a wannan zangon dai ba zan karɓi aikin ba. Ba ta ji daɗi ba. Da yamma yayata ta kira ta wanke ni tas, wai kullum ina kukan babu, ga kuɗi sun zo har gida na kore su. Shi ya sa na ce bari in zo nan in faɗi dalilina, don na san a shafin nan akwai masu sayar da injin ƙyanƙyasa, akwai malaman makaranta, akwai iyaye, kuma da alama wannan abu zai zama yayi.

Matsayata ita ce: ina goyon bayan a ƙyanƙyashe ƙwai a ajin firamare, ɗari bisa ɗari ma kuwa. Amma duk makarantar da ba ta da amsar abin da zai faru daga kwana na 22, don Allah kar ta saka ƙwai a inji. Wannan ra'ayi ba a littafi na karanta shi ba, ni aka yi wa darasin.

Lokacin da nake bautar ƙasa an tura ni wata makaranta mai firamare da ƙaramar sakandare. Ina ɗauke da sabon kwalin digiri a fannin kasuwancin noma, kaina na hayaƙi, gani nake babu abin da ban sani ba. Na aro inji mai cin ƙwai 48 a wajen wani abokina, na shiga kasuwar ƙauye ranar da take ci na tsinto ƙwai 30 na kazar Hausa a hannun mutum huɗu ko biyar. Ban tambayi kowa yaushe aka yi ƙwan ba, ban tambayi ko akwai zakara a gidan ba. Ranar Juma'a na jera su a inji a ajin 'yan aji huɗu, a farkon zango na uku, ƙarshen watan Afrilu, lokacin da zafi yake kan ganiyarsa. Ajin rufin kwano ne babu silin.

Kuskure na farko da na gane shi ne, ƙaramin inji ɗumamawa kawai ya iya, bai iya sanyayawa ba. Na saita shi a digiri 37.5 kamar yadda ake so, amma da ƙarfe biyu na rana sai in ga yana nuna 40, wata rana har 41, saboda ɗakin kansa ya fi abin da ƙwai ke buƙata zafi. Asabar da Lahadi kuwa in an ɗauke wuta shi kenan, janareton makaranta ba a tayar da shi sai ranar karatu. Yara kuma duk wanda ya ce "Kofa, bari mu gani" sai in buɗe masa murfi, ina jin daɗi ana son darasina.

A kwana na 10 muka haska ƙwan da tocila a cikin sito. Guda 11 fayau suke, babu komai a ciki. Guda shida sun fara sun tsaya, sai zoben jini a jikin ɓawo. Saura 13. Kwana na 21 ya faɗo ranar Juma'a, an tashi da wuri, lokacin ƙwai biyu ne kawai suka fara tsagewa. Ranar Litinin da muka buɗe ajin wari ne ya tare mu, wani baragurbi ya fashe a ciki. 'Yan tsaki huɗu ne da rai, ɗaya ƙafafunsa a warwatse ba ya iya tsayuwa. Takwas sun mutu a cikin ɓawo, wasu har sun huda da baki, tantanin ya bushe ya manne musu.

Wata yarinya 'yar shekara tara, wadda kullum ita ke fara zuwa ta duba ma'aunin zafi, ta tsaya tana kallon waɗanda suka mutu. Sai ta ce, "Kofa, mu ne muka kashe su da muke buɗewa?" Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi, don ni na ba su izinin buɗewar. Na ce mata a'a, laifina ne. Huɗun da suka rayu na yi abin da Hajiya ke son yi, na raba wa yara huɗu. Kafin mako ya zagayo babu ko ɗaya. Ɗaya mage ta ɗauke, ɗaya ƙanin yaron ya matse shi a hannu wai yana wasa, biyu aka kwana da su a kwali babu ɗumi, aka wayi gari sun sandare. Ƙwai 30, kaza sifili. Abin da yaran nan suka koya a wajena shi ne kiwo asara ne, kuma rai abu ne da ake wasa da shi a jefar.

Yanzu mu koma kan bidiyon Hajiya. A Amurka wannan darasi ya daɗe. Akwai ƙungiyar matasa da ake kira 4-H, wadda tushenta ya faro tun farkon shekarun 1900, tana aiki tare da sashen malaman gona na jami'o'in jihohi. A wurare da yawa su ke horar da malamin aji kafin a fara, su ara masa inji, su haɗa shi da gonar da zai samu ƙwai mai zakara, sannan akwai manomin da aka shirya da shi zai karɓi 'yan tsakin bayan 'yan kwanaki. A Ingila kuma akwai kamfanonin da sana'arsu kenan: su kawo ƙwan da ya rage kwana biyu ko uku ya fashe, da inji da akwatin raino, bayan kamar mako biyu su dawo su kwashe kayansu har da tsakin da makaranta ba ta so. Ga wuta ba a ɗaukewa. Duk wannan tsari ba ya fitowa a bidiyo na daƙiƙa 40.

Kuma ko a can ɗin ba a gama yarda da abin ba. Ƙungiyoyin kare haƙƙin dabbobi irin su PETA sun daɗe suna kiran a daina, suna kafa hujja da injin da ake bari ba kulawa a ƙarshen mako, da tsakin da ke fitowa da nakasa, da zakarun da ake rasa inda za a kai su tunda birane da yawa sun hana ajiye zakara saboda cara. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ita ma tana gargaɗin kada yara 'yan ƙasa da shekara biyar su riƙa ɗaukar 'yan tsaki, saboda ƙwayar cutar Salmonella da ke sa gudawa da zazzaɓi, wadda tsako zai iya ɗauke da ita alhali shi lafiyarsa ƙalau. Ban yarda da masu cewa a daina kwata-kwata ba, amma ƙorafinsu na ƙarshen mako da na makomar tsaki gaskiya ne, na gan shi da idona. Matsalar zakara kam mu ba mu da ita, zakara a nan kuɗi ne, musamman in Sallah ta matso.

Na san wasu za su ce, "Malam, wannan ai bidi'ar Turawa ce. Yaranmu da kaza suka tashi, me za a nuna musu?" Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya a ƙauye, amma je ka tambayi yaron da ya tashi a gidan haya a cikin Kano ko Kaduna ko Abuja daga ina tsako ke fitowa. Da yawansu a kwali suka san shi, a bakin titi ranar da motar tsaki ta iso. Bar ta yara ma, a jami'a mun yi aji da wanda sai a shekara ta uku ya san cewa ƙwan kajin gidan gona da ake sayarwa a kiret ba ya ƙyanƙyasuwa saboda babu zakara a kejin. Shi kuma yaron ƙauyen da ya san kaza na kwanci, bai taɓa ganin cikin ƙwai yana raye ba, kuma babu wanda ya taɓa ce masa ya rubuta ƙwai nawa aka saka, nawa suka fito, me ya hana sauran.

A wajena wannan rubutun shi ne ribar darasin. Mu nan shafin mun sani, abin da ke karya yawancin masu fara kiwo rashin lissafi ne da rashin ajiye bayani. Mutum zai yi zagaye uku na buroila bai san buhu nawa suka ci ba. To ga dama a koya wa ɗan shekara tara ya duba ma'auni sau uku a rana ya rubuta a littafi. A haska ƙwai a kwana na bakwai ya ga jijiyoyin jini sun bazu kamar saƙar gizo-gizo, da ɗan baƙin ɗigo wanda shi ne ido, a gaya masa zuciyar tsakon nan ta fara bugawa tun ƙwan bai cika kwana uku ba. A ba su ƙaramin sikeli su auna: ƙwai yana rage nauyi kusan kashi 12 cikin ɗari zuwa kwana na 18, saboda ruwa na fita ta ƙananan ƙofofin da ke jikin ɓawo, don haka mai giram 40 zai rasa kusan giram biyar. A ƙarshe su lissafa da kansu, ƙwai 20 aka saka, 14 suka fito, kashi nawa kenan? Ga kimiyya, ga lissafi, ga rubutu, duk a kan ƙwai ɗaya. Mu da muka tashi aikin gona a makaranta horo ne ga wanda ya makara, a miƙa maka fartanya ko adda ka je ka yi shara, mun san abin da hakan ya yi wa tunaninmu game da noma. In akwai abin da zai sa yaro ya so zuwa makaranta da sassafe don ya duba ƙwai, ni ina bayansa.

Wasu kuma za su ce, "Kai ma dai, don tsako ya mutu sai me? Mu da ake mana asarar ɗari a dare ɗaya." Haka ne, duk mai kiwo ya binne tsaki. Ko kaza da kanta ba kullum take fitar da duk ƙwanta ba, kuma ya kamata a gaya wa yara haka tun ranar farko, kada kowa ya sa wa ƙwai suna ya ɗora rai a kai. Amma mutuwar da ta zo bayan an yi iya ƙoƙari daban, wadda ta zo saboda ganganci daban, kuma yara suna gane bambancin fiye da yadda muke zato. Yarinyar can ta gane.

Saboda haka ga abin da nake ganin dole makaranta ta tanada, kuma shi na karanta wa Hajiya a waya.

Na farko, makomar 'yan tsakin. Kafin a sayi ƙwai ko ɗaya a san wanda zai raine su, da sunansa da lambar wayarsa. Ko makaranta ta yi ɗan akurkinta, ko a shirya da mai kiwo na kusa ya karɓa. Tsako a makon farko yana son ɗumi na digiri 32 zuwa 35, ana ragewa kaɗan-kaɗan duk mako, da shimfiɗa busasshiya ta ɓuntun shinkafa ko diddigar katako, da ruwa mai tsafta a mazubin da ba zai faɗa ciki ba, da abincin tsaki na sitata. Ga rigakafin Lasota da Gumboro, wanda kwalbarsa ta kaji masu yawa ake yi, don haka mai tsaki 15 gara ya haɗa da maƙwabcin da zai yi wa nasa. Wannan aiki ba na ɗan shekara takwas ba ne shi kaɗai. In ana son yara su tafi da kaza gida, a bari su kai mako biyar ko shida, sun yi gashi, an yi musu rigakafi, kuma iyaye sun amsa da bakinsu cewa suna so.

Na biyu, lokaci. Kwana 21 na ƙyanƙyasa da mako biyar zuwa shida na raino, kusan mako tara kenan, zangon karatu kuwa mako 12 ne zuwa 13. Kenan a mako na biyu ko na uku ake farawa. A kauce wa Maris zuwa Mayu in ba akwai ɗaki mai sanyi ba, don zafin da ya wuce kima ya fi ɗan sanyi saurin kashe abin da ke cikin ƙwai. Tsakiyar hunturu ma akwai matsala: iska a bushe take, riƙe danshi a inji sai an dage, ga shi lokacin ne annobar kaji ta fi yawo. A ganina Satumba zuwa Oktoba ya fi, ko farkon damina in an fara da wuri. Sannan a saka ƙwai ranar Talata, don kwana na 21 ya faɗo Talata, ko ya yi gaggawa ko ya yi jinkiri da kwana ɗaya yara suna makaranta. Islamiyyar da ke hutun Alhamis da Juma'a sai ta yi nata lissafin.

Na uku, wuta. Mu ɗauka inji mai wat 60 ne. In ya yi aiki ba tsayawa awa 24, ya ci 1,440 kenan. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 a takarda 1,200 yake ɗauka, kuma irin na gama-gari rabin haka ya kamata a ja in ana so ya yi ƙarko. Gaskiya ne hita ba ta ci gaba da ci kullum, tana kamawa tana saki, amma duk da haka kar wani ya ce maka batir ɗaya ba sola zai kai ka daga Juma'a zuwa Litinin. A nemi inji mai amfani da wuta da batir, a haɗa da faifan sola, a kunna shi kwana biyu babu ƙwai a ga yadda yake riƙe zafi, a kuma saka wani ma'aunin daban a ciki don na jikin ƙananan injinan nan yakan yi ƙarya. In wuta ta yanke na 'yan awanni, kar a buɗe, a lulluɓe da bargo a bar 'yar kafar iska.

Na huɗu, mutum ɗaya mai alhaki, wanda zai zo Asabar da Lahadi. A cikin kwana 21 akwai ƙarshen mako uku, ƙwai kuma bai san hutu ba. In injin ba ya juyawa da kansa, sai an juya da hannu aƙalla sau uku a rana har zuwa kwana na 18, a yi wa kowane ƙwai alama da fensir a gefe biyu don kar a rikice. Danshi kashi 50 zuwa 55 a kwana 18 na farko, a ɗaga zuwa 65 ko 70 a kwana ukun ƙarshe, a daina juyawa, a rufe murfi kar a sake buɗewa. In Baba mai gadi za a ɗora wa, a koya masa sosai kuma a ba shi ɗan hasafi, ba a bar masa saƙo a bakin ƙofa ba.

Na biyar, ƙwan kansa. A samo daga gida ko gona ɗaya da aka sani, inda zakara ɗaya ke da kaji takwas zuwa goma. Kada ya wuce kwana bakwai da yi. A ajiye shi tsinin yana kallon ƙasa a wuri mai sanyi, kamar gindin randa, ban da firji. Kada a wanke shi, akwai wani siririn rufi a jikin ɓawo da ke tare ƙwayoyin cuta, wanki yana cire shi. Mai datti da mai tsaga da mai siffa ta daban a soya su kawai. Kuma ba sai an cika inji ba, ƙwai 12 zuwa 20 sun ishi aji.

Na shida, lafiyar yara da ta kajin unguwa. Ruwa da sabulu a bakin ƙofa, duk wanda ya taɓa ƙwai ko tsako ya wanke hannu. Ba a cin abinci kusa da akwatin raino, ba a kai tsako baki ko fuska. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara biyar su kalla daga nesa. In an sanar da ɓullar murar tsuntsaye a jiharku, a ɗage aikin gaba ɗaya. Waɗanda suka daɗe a harkar nan ba su manta da 2006 ba, lokacin da aka fara tabbatar da ita a Najeriya a jihar Kaduna, da irin kajin da aka binne. Yara 40 da ke fitowa daga gidaje 40, da yawa akwai kaji a gidan, hanya ce mai sauƙi ta kai cuta da kawo ta.

Ranar fashewa kuma a ja wa yara kunne: daga lokacin da tsako ya huda ɓawo zuwa fitowarsa yana iya ɗaukar awa 12 har 24. Kada kowa ya ce zai taimaka masa ya ɓare, jijiyoyin jini ba su gama janyewa ba, ana ɓarewa sai jini. In ya fito a bar shi a ciki ya bushe. Ba yunwa yake ji ba, ya shanye gwaiduwa a cikinsa kafin ya fito, tana riƙe shi kwana biyu har zuwa uku.

Yanzu ga shawarar da na fi so, wadda masu sayar da inji za su yi haƙuri da ni a kanta. Makarantar da ba ta da sola, musamman ta gwamnati da ta karkara, ta nemi kazar Hausa mai kwanci. Ba ta buƙatar wuta, ita ke juya ƙwanta dare da rana, ita ke daidaita zafi, ba ta zuwa hutun ƙarshen mako, kuma babbar matsalar nan ta kwana na 22 ta ɗauke rabinta, don ita za ta ɗumama 'ya'yanta ta koya musu ci. Turawa sun koma inji ne a aji saboda yawancinsu ba su da irin wannan kaza a kusa, kajin zamani an fitar musu da ɗabi'ar kwanci. Mu muna da ita a kowace unguwa.

Bara na gwada haka da wani ɗan uwana da ke koyarwa a wata firamare. Muka aro kaza da ta fara kwanci a wajen wata tsohuwa a unguwar, muka ɗauko ta da dare, muka sa ta a kwando a wani lungu na sito da aka kare da waya saboda ɓera da mage. Muka bar ta kwana biyu a kan ƙwai uku na gwaji don mu tabbatar ta zauna, sannan muka saka mata guda goma. Aka ajiye mata hatsi da ruwa da kaskon toka na birgima saboda ƙwarƙwata. Yara aka raba su rukuni-rukuni, mutum biyar kullum, su ke rubuta ƙarfe nawa ta tashi cin abinci, minti nawa ta yi kafin ta koma. Lokacin da ta tashi ne muke haska ƙwan da sauri mu mayar. Takwas suka fito. Ɗaya shaho ya ɗauka a mako na uku ranar da aka bar su a fili, bakwai suka girma. Tsohuwa aka mayar mata da kazarta da 'ya'ya biyu na godiya, biyar aka sayar a ƙarshen zango, yaran da kansu suka cire kuɗin ƙwai da na abinci a allo suka ga abin da ya rage. Ba wani kuɗi ne mai yawa ba, sabulu da bokitin wanke hannu aka saya wa ajin, amma ka ga yadda suke nuna bokitin nan sai ka ce mota suka saya.

Ita ma kazar tana da nata cikas, ba zan ɓoye ba. Ba ta kwanci don jadawalin makaranta, sai lokacin da ta ga dama, don haka sai an yi cigiya tun da wuri. Hayaniya ta yi yawa tana iya barin ƙwan. Kuma yara ba za su ga fashewar ƙwai ƙuru-ƙuru kamar a inji mai murfin roba ba, a ƙarƙashinta ake yin komai, sai dai su ji kuka su ga ɗan kai ya leƙo ta cikin fiffike. Makarantar da ke da hali ta haɗa biyun, kaza a sito, inji a aji, yara su gwada wa ya fi fitarwa. Wannan ma darasi ne babba.

'Yan uwana masu sayar da inji, ku ne za a fara kira kafin a kira irina. In shugabar makaranta ta zo saye, ku tambaye ta wutar da take da ita da inda tsakin za su je. Inji ɗaya da ya yi aiki a makaranta zai kawo muku iyaye goma masu son saye, wanda ya kashe ƙwai a gaban yara kuwa sunan kayanku zai ɓata, ko da laifin ba na injin ba ne. Mu kuma da muka karanta noma muke zaune muna jiran aiki, ga ƙofa: ka ara wa makaranta inji, ka kawo ƙwai, ka zo duk mako ka yi darasi, ka zo Asabar da Lahadi, ka karɓi tsakin ka raina, a biya ka kuɗin zango. Amma sai ka fara gwadawa a gidanka sau biyu ko uku, kar ka je ka koyi aiki a kan 'ya'yan mutane kamar yadda na yi.

Hajiya dai na ce mata in Allah Ya kai mu Satumba, mako na biyu da komawa, zan zo da kaina mu fara da ƙwai 15, da sharaɗin ta sa kafinta ya yi akurki a bayan ajujuwa kafin nan. Ta ce za ta yi shawara. Har yanzu ba ta kira ba, yayata kuma ba ta gama hucewa ba.

Wanda ya taɓa gwada wannan a makaranta ko a gida da yaransa, ya faɗa mana ƙwai nawa ya saka, nawa suka fito, nawa kuma suka kai wata biyu. Wannan na ƙarshen na fi son ji.

Allah Ya tsare mana dabbobinmu, Ya sa albarka a kiwo.